Yadda Kawu Lester Ya Durƙusar da Motar Nana

Duk wanda ya zauna a garinmu Dumbarra ya sani, da zarar Kawu Lester ya ce, "Bar ni da shi," to lokacin kwashe kayanka ya yi. Ya faɗa wa injin wankin mahaifiyata haka, yanzu kaji ne ke ƙwai a cikinsa. Ya faɗa wa famfon cocinmu haka, aka yi ta shiga ibada da takalmin ruwa har Kirsimeti. Amma ku same shi yana ba da labari, ya tura hula ƙeya, ya soke manyan yatsu a bel, yana jan magana ta hanci yana ce mini: "Ni fa, Tegan, ƙarfe yana jin maganata. In na harare shi, da kansa yake lanƙwasa."

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan autan kakata Nana Beryl. A gonarta yake zaune tun da matarsa ta tafi Perth gaishe da 'yar'uwarta. Har yau tana can tana gaisuwar.

A watan Janairu ya je bikin motoci a Canberra, ya dawo da ƙunar rana a wuya da sabon ciwo a ka. Ya ga samari sun sauke motocinsu ƙasa-ƙasa, har akan tsayar da gwangwanin lemo a gaban mota a tura shi ƙarƙashi, in ya shiga yana gugar kai sai a yi ta tafi. Tun daga ranar ya kafa wa tsohuwar akori-kurar marigayi kakana Kaka Wally ido, wadda Nana take tuƙawa. A bikin amfanin gona na garinmu akwai kofi da ake ba motar da ta fi kyau, kuma Kawu ya riga ya share masa wuri a kan firij.

Nana kuwa ba kofin mota ne a gabanta ba. Gimbiya ce a gabanta.

Gimbiya kabewa ce. Nana ta rene ta da takin tumaki da ruwan ciyawar teku, tana lulluɓa mata zanen gado in rana ta yi zafi, tana yi mata hira da safe fiye da yadda take yi mana. Ta girma har mutum biyu ba sa haɗa hannu a kanta. Tun kafin a haife ni Nana take shiga gasar babbar kabewa, kuma tun kafin a haife ni take zuwa ta biyu, a bayan Dulcie Hartwig. Bana likita ya ce bayan biki za a yi mata aikin gwiwa, durƙuso a lambu ya ƙare. Wato Gimbiya ce ta ƙarshe. Dokar gasar biyu ce: kabewa ta hau sikeli kafin a kaɗa ƙararrawar tsakar rana, kuma kada a ga tsaga ko ɗaya a jikinta.

Ta gwiwar Kawu ya bi ya shigo.

"Mama," ya ce da muryar da yake ajiyewa don roƙo, mai kama da ta ɗan rago da aka rufe a waje, "raina yana ɓaci in na ga kina hawa motar nan da ƙyar. Bari in sauke miki ita kaɗan. Ki shiga kamar kina zama a kujerar falo."

Nana ta dube shi ta saman tabarau. "Kaɗan nawa?"

"Ɗan yatsa. Akwai wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin inji, shi ne ke riƙe da ƙafafun gaba. A yanke yanki a cikinsa, a mayar a yi walda, sai gaban motar ya zauna. Yara ma suna yi."

"Yaran da suke yi, iyayensu mata sun sani?"

"Mama, bar ni da ita."

Na ajiye cokali. Karenmu ma ya tashi ya fita.

"Lester," in ji Nana, "kowace kabewa da na taɓa kaiwa gasa, a motar ubanka ta je. Wannan ma a cikinta za ta je. Ka taɓa abin da ka ga dama, amma ranar biki in murɗa makulli ta kai ni. In ba haka ba, ka nemi wata uwar."

Labari bai kwana ba. Da ya fara aiki, sai ga tagwayen gidan Schultz, Kel da Bevan, maƙwabtanmu masu askin tumaki, kowannensu kamar buhun alkama uku a ɗaure wuri ɗaya. Suka zo da kujerun naɗewa da akwatin ƙanƙara, suka zauna a bakin rumfar kamar an buɗe sinima.

Kawu ya ɗaura sarƙa a azara, ya zare injin, ya bar shi yana lilo a sama. Ya kwanto ƙarfen gicciyen, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya ja layi da allin da Nana take alamar ɗinki da shi.

"Lester, ina ma'auninka?" in ji Kel.

"Ga shi nan," Kawu ya nuna idonsa. "Wannan idon bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Shi ne ya zaɓo maka mata?"

Kawu ya kunna injin yanka don kada ya ji dariyar. Tartsatsi ya tashi, ya faɗa kan buhun abincin kaji, Bevan ya kashe wutar da lemonsa ba tare da ya tashi daga kujera ba. Aka yi walda, irin waldar da in ka gan ta za ka rantse kaza ce ta bi ta wurin da gudawa. Aka mayar da ƙarfe, aka sauke jak. Mota ta tsaya ta karkace hagu, kamar tsoho mai sauraron gulma ta bango.

"Ƙasan rumfar ce ba daidai ba," in ji Kawu.

"Ai kuwa," in ji Kel. "Jiya da yamma ta karkace. Mun ga lokacin."

Ya yanke sifirin ɗin tayar dama don ya daidaita. Ta karkace dama. Ya rage na hagu. Ta koma hagu. Gyaran gangar auzinawa sosai. Sai da sifirin biyun suka koma kamar awarwaron yara sannan ta tsaya daidai. Kawu ya karɓi gwangwanin Bevan, ya tsayar, ya tura shi ƙarƙashin bamba. Ya shiga yana gugar kai, ƙiiii.

"Kun gani?" Ya buɗe hannu kamar mai jiran a rungume shi. "Awo ɗaya, yanka ɗaya! Ko a Canberra sai a tara mutum goma kafin a samu wannan. Tegan, ɗauki hoto."

Na ɗauka. A hoton, daidai saman kansa, ga injin nan yana lilo a sarƙa. Na ga Bevan ya ɗaga ido ya dubi injin, ya dubi motar, ya buɗe baki. Kel ya taka masa ƙafa.

"Yi shiru," ya ce ƙasa-ƙasa. "Talabijin ɗinmu ya lalace, me za mu kalla gobe?"

Washegari aka mayar da inji. Kawu yana sassauta sarƙa yana fito. Nauyi ya fara sauka, gaban mota ya fara bin sa. Ya sauka. Ya ƙara sauka. Fito ya tsaya, mota ba ta tsaya ba. Sai da ta durƙusa kamar raƙumi zai ɗauki kaya, bayanta a sama, hancinta yana shinshinar siminti. Gwangwanin da aka manta a ƙarƙashi ya ce ƙwaras, ya koma faifai.

Kawu ya gyara zaman hularsa.

"Haka nake so," in ji Kawu.

"Mun sani," in ji tagwaye tare.

"Wato ka auna ta babu inji, Kawu?" na tambaya, da fuskar marar laifi.

"Ke me kika sani? Wannan shi ake kira zama na biyu. Manyan masu sana'a ne kawai suke lissafa shi."

Fitar da ita daga rumfa ya zama wani bikin. A bakin ƙofa akwai ɗan dakalin siminti da bai kai tsayin tafin hannu ba, wanda ko kaza ba ta lura da shi. Mota ta zo ta kafa haƙori a ciki. Kawu ya ba ta wuta, ta yi gurnani, ta ƙi. Ana cikin haka Bevan ya gaji da tsayuwa, ya zauna a kan murfin baya. Hancin mota ya ɗaga kaɗan. Kel ya zauna kusa da shi. Ta ɗaga sosai, ta haye dakalin kamar amarya.

Kawu ya leƙo ta taga. "Na gaya muku! An gina ta ne don ɗaukar kaya. Da Gimbiya ta hau, za ku ga ikon lissafi."

Sai kuma aka gano ba ta shan kwana. Da ya murɗa sitiyari kaɗan, taya sai ta kama bodi tana kuka kamar alade a hannun mahauci. Don ya juyo ta ta fuskanci ƙofar gona, sai da ya zagaye dukan makiyayar tumaki, tumakin suna biye da shi suna zaton abinci ya kawo.

Nana tana tsaye a baranda tana kallo. Kel ya cire hula ya ce, "Misis Beryl, babbar motarmu raguna za ta ɗauka ranar biki, amma in kina so mu yi sawu biyu."

"Na gode, ɗana. Gimbiya ba za ta shiga inda rago ya yi fitsari ba. Ya ce za ta kai ni. Za ta kai ni."

Ranar biki da sassafe aka zo da tarakta. Aka shimfiɗa tsohuwar katifa a bayan mota, aka ɗora Gimbiya a hankali kamar mai jego, aka ɗaure ta da igiya mai faɗi. Hancin mota ya ɗaga da kamar yatsa biyu. Kawu ya fito da farar riga da gashi a kwance da mai, ya goge bodi har yana ganin haƙoransa a ciki. Nana ta sa hular zuwa coci. Da ta zo shiga, kujerar ta yi ƙasa har sai da ta faɗa ciki, gwiwoyinta suka ce ƙas.

"Kin ji daɗin shiga, Mama?"

"Shiga ba wuya. Kabari ma haka yake. Tuƙa."

Na matse a tsakiyarsu. Tagwaye da matar Kel suka biyo mu da motar raguna.

A ƙofar gona akwai shingen shanu, ƙarafan nan da ake jerawa a kan rami don kada dabba ta tsallaka. Gaba ya haye da ƙyar, sai muka ji ƙarar abu ya tsinke, salansa ta faɗo tana jan ƙasa. Kawu ya fita, ya duba hagu, ya duba dama, babu waya, babu igiya. Sai na ga ya zagaya baya.

"Lester, me kake kwancewa?" in ji Nana.

"Ba komai, Mama. Igiyar ta yi yawa. Kabewa mai wannan nauyi ina za ta? Nauyinta ne igiyarta."

Ya ɗaure salansa da igiyar Gimbiya. Sannan ya dubi hanyar tsakuwa da ke gabanmu, mai tudu a tsakiya inda taya ba ta bi, ya ƙwala wa tagwaye kira. Kel ya miƙa wa matarsa tuƙin motar raguna, su biyu suka sauke murfin baya suka zauna a kai, ƙafafu suna reto.

Ko da hakan, tafiyar hawainiya muka yi. Ƙarfen gicciye yana kankare tudun hanya, tsakuwa tana taruwa a gabanmu kamar muna tura kaya. Duk kashin saniyar da muka tarar, mun tafi da shi. Motoci suka yi layi a bayanmu, masu jan dawaki, masu ɗauke da kek, kowa yana danna oda. Wani tsoho a kan keke ya wuce mu, ya ɗaga hula, ya ce, "Allah ya saka, Lester! Tun bara muke roƙon hukuma ta gyara hanyar nan."

"Hassada ce," in ji Kawu. "Ba su saba ganin mota mai aji ba."

Sai ga Dulcie Hartwig a doguwar motarta, ta hau gefen hanya ta jero da mu. Kabewarta tana baya a cikin bargo, an ɗaure ta kamar za a kai ta duniyar wata. Ta sauke gilashi. Dulcie tana magana ne kamar tana tsotsar alewa, baki a tsuke, kowace kalma da zuma a kai da allura a ciki.

"Beryl, ƙawata! Ashe ke ce a can ƙasa. Na ɗauka wani ne yake shuka dankali a kan hanya."

"Wuce, Dulcie. Je ki kama wuri kusa da sikeli, ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

"Zan ajiye miki kujera, masoyiya. Ta bikin baɗi."

Ta bar mu da ƙura. Na ga yadda Nana ta damƙe jakarta, ta juya ta dubi Gimbiya ta gilashin baya, ta dubi rana da ta riga ta yi sama. Dariyar da nake ta dannewa tun safe ta ɗan koma ciki.

Kafin a shiga filin biki sai an haye layin dogo na jirgin hatsi, kuma layin a kan tudu yake. Filin yana can ƙasa a gefen hagu, gangare mai ciyawa ya sauka har cikinsa. Rabin garin yana bakin ƙofa. A kan tudun kuwa ɗan sandan garinmu, Saje Brannigan, ne yake ba da hannu, mutumin da yake magana kamar kowace kalma haraji ake biya mata.

Muka hau tudu a hankali, a hankali. Tayoyin gaba suna dab da ƙarfen dogo, Saje ya ɗaga hannu.

"Lester."

"Ranka ya daɗe, Saje! Ka ga aiki?"

"Na gani. Mutane a bayan mota. Haramun. Ku sauka."

"Saje, don Allah bari in haye tukuna, su ba fasinja ba ne, su..."

"Su mene ne?"

Kawu ya dubi tagwaye. "Kayan gyara ne."

"Kel. Bevan. Ƙasa."

Tagwaye suka dubi juna, suka ɗaga kafaɗa, suka dira tare. Hancin mota ya faɗi, gam! Ƙarfen gicciye ya rungumi ƙarfen dogo kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su haɗu ba. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Jama'a suka taso. Wani ya ce a sace iskar tayar baya. Wani ya ce a ƙara wa ta gaba. Wata mata ta ce a kira limamin coci. Yara suka kwanta rubda ciki suna leƙe, ɗaya ya yi ihu, "Baba, ko wasiƙa ba za ta shiga ba!" Saje ya zaro takardar nan rawaya da muke kira kanari, wadda in an manna wa mota ba ta sake hawa titi sai an gyara ta, ya fara lallashe ta a gilashi da babban yatsa.

Kawu ya leƙa ta taga yana yi wa jama'a jawabi. "Kowa ya kwantar da hankalinsa! Wannan tsayawa ce ta nuni. A Canberra haka ake yi, a tsaya a wuri mai tudu don kowa ya..."

Tuuuut!

Kowa a Dumbarra ya san jirgin hatsi ba ya zuwa sai lokacin girbin alkama, wanda ya riga ya wuce. Kowa ya san wannan kukan na ɗan jirgin yara ne da ke zagaya filin biki da fenti ja. Kowa, ban da mutumin da ƙarfe ke jin maganarsa.

"Jirgi!" ya ƙwalla. "Mama, jirgi!"

Ya taka totur har ƙasa. Mota ta yi kururuwa, ta yi tsalle kamar an tsikari jaki, ta fizge kanta, ta bar tukunyar baƙin mai a kan dogo. Ta yi taku kaɗan ta mutu, mai yana bulbula a ƙarƙashinta. Amma ba wanda ya dube ta. Da ta yi tsallen nan, Gimbiya, wadda nauyinta ne igiyarta, ta zame da katifarta ta murfin da aka bari a buɗe. Katifa ta riga ta sauka, Gimbiya ta dira a kai, ta yi wani ɗan juyi na sarauta, ta kama gangare.

Duk garin ya bi ta da ido. Sai muryar Nana kawai, siririya: "Gimbiya."

Ta gangara. Ta bi ta tsakiyar 'yan badujala, mai babban ƙaho ya yi tsalle ya bar ƙahon. Ta rusa allon da aka rubuta maraba. 'Yan matan da ke jan ƙananan dawaki suka watse. Ta nufi teburin kek na matan coci gadan-gadan, matan suka ɗaga teburin sama gaba ɗaya, ta wuce ta ƙarƙashi, ko kirim bai zuba ba. Daga nan ta shige rumfar ulu, inda aka tara gashin tumakin da aka kawo gasa, tuli guda. Muka ji wani luf. Ulu ya tashi sama ya sauko a hankali.

Ban san yadda aka yi Nana ta fita daga kujerar nan ba. Na dai gan ta a gabana tana gangarawa, sanda a sama, hula a karkace, matar da likita ya ce kada ta hau matakala. Ta faɗa cikin ulun ta shafa Gimbiya sama da ƙasa, ta kara kunne a jikinta.

"Tana nan," ta ce. "Kel! Bevan! Tamfol!"

Aka mirgina ta kan tamfol. Tagwaye suka kama gaba, mahaucin garinmu da mai babban ƙaho da wasu ƙarti suka kama baya, Saje da kansa ya cire hula ya kama gefe. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Suna nishi suna tafiya, ni ina gaba ina kore yara, mai ƙararrawa kuma ya riga ya kama igiya yana duban agogo. Matarsa ce ta riƙe masa hannun riga tana tambayarsa ko ya kashe murhu kafin su fito. Kafin ya gama tunani, Gimbiya ta hau sikeli.

Alƙalin gasa ya zagaya ta yana latsawa. Dulcie ta sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta bi bayansa.

"Ga tsaga nan, alƙali."

"Gashin tunkiya ne, Misis Hartwig."

"Wannan fa?"

"Shi ma."

Ya tsuguna ya dubi allurar sikeli, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa. "Kilo ɗari uku da goma sha ɗaya. Ta Misis Hartwig ɗari uku da huɗu. Beryl Trengove ce ta ɗaya!"

Ƙararrawa ta kaɗa, filin ya ɗauka. Nana ta tsaya da jan ƙyallen nasara a hannu, ulu a gira. Ta juya ta ce, "Dulcie, ƙawata, ina kujerar da kika ajiye mini? Yanzu nake son zama."

Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Amma mai ɗaukar hoton jaridar gari ya zo, kuma Kawu Lester yana jin ƙamshin kyamara daga nesa kamar ƙuda da nama. Sai ga shi yana ratsa jama'a, farar riga ta koma baƙa, hula a ƙeya, yatsu a bel.

"Ku ba ni hanya, ni ne direba! Malam, rubuta: Lester, da L. Na duba agogo na ga ba za mu kai ba ta ƙofa, sai na lissafa gangaren, na lissafa ulun, na sake ta daidai inda ya kamata. In da motar tana da tsayi, faɗowar za ta fasa ta. Saukin da na yi mata ne ya ceci kabewar nan. Duk a cikin shiri yake."

"Har da kiran Mama?" in ji Kel.

"Alama ce. Wato ta riƙe da kyau."

"Lester," in ji Nana, "matsa daga jikinta."

"Hoto ɗaya, Mama. Bar ni da ita."

Ya dafa, ya yi tsalle, ya haye kan Gimbiya ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya ɗaga babban yatsa. Ita kuwa baiwar Allah, ta sha tsalle, ta sha gangare, ta riƙe mutuncinta har ta sauka daga sikeli. Wannan ne ta kasa ɗauka. Ta yi wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, samanta ya burma, Kawu ya nutse ciki har hammata, gwiwoyi a kunne, takalma suna kallon sama. A daidai nan kyamara ta haska.

"Ta fashe!" Dulcie ta yi tsalle. "Alƙali, ta fashe! Doka!"

"An riga an auna, Misis Hartwig," in ji alƙali, yana share hawaye. "Wannan kuma ciko ne."

Kawu ya yi ta mutsu-mutsu, 'ya'yan kabewa suna fitowa ta wuyan rigarsa. "Ku ciro ni! Kel! Bevan! Ku kama hannuna mana!"

Bevan ya matso a natse, ya shanye sauran lemonsa, ya tsuguna, ya gwada tura gwangwanin ta ƙarƙashin Kawu. Ya girgiza kai. "Ba ya shiga, Saje."

Saje Brannigan ya zaro wata kanari, ya manna wa Kawu a goshi, ya lallashe ta da babban yatsa. "Kada a gan shi a titi," ya ce, "sai an gyara."

Nana ta sunkuya har fuskarta ta zo daidai da tasa. "Ka ji daɗin shiga, ɗana?"

Duk sanyin bana miyar kabewa muka sha, da gasasshiyar kabewa, da kek ɗin kabewa, kuma kwanon Kawu ne kullum ya fi cika, don Nana ta ce shi ya san ta ciki da waje. Motar Kaka Wally tana garejin garin gaba, ana nema mata wani ƙarfen gicciyen, an kuma gaya wa mai garejin ya saki kare in ya ga Kawu. Hoton ya fito a shafin farko. Kawu ya yanke shi ya manna a kan firij, a wurin da ya share wa kofi, yana nuna wa baƙi: "Dulcie ta taɓa fitowa a shafin farko? To."

An yi wa Nana aikin gwiwa, ta dawo gida da keken turawa mai ƙafa huɗu, jan ƙyallenta a ɗaure a hannunsa. Ranar da ta fara takawa da shi a baranda, na ga Kawu ya ajiye cokali, ya karkata kai, ya runtse idon nan da bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Mama," ya ce, "keken nan bai yi miki tsayi ba kuwa?"

Karenmu ya tashi ya fita. Sandar Nana ta riga karen isa ƙofa, Kawu yana gudu a gabanta.